Furuci da Rarraba Gaɓoɓi a Sigogin Shuɗaɗɗen Lokaci na Aikatan Italiyanci

Tsakure

Wannan maƙala ta nazarci yadda ake furta sigogin aikatau na shuɗaɗɗen lokaci a harshen Italiyanci, da yadda ake rarraba su gaɓa-gaɓa a rubuce da kuma a baki. Ta nuna cewa a wannan harshe bambancin lokaci da na mai aiki yakan rataya ne a kan abubuwa biyu: gaɓar da aka ƙarfafa da baƙin da aka ɗaure. An kwatanta waɗannan da tsarin gaɓar Hausa domin fito da wuraren da kunnen Bahaushe zai taimake shi da wuraren da sabonsa zai ja shi ga kuskure.

1.0 Gabatarwa

Jimlolin Italiyanci guda biyu, Pago il debito da Pagò il debito, haruffansu ɗaya ne in ban da 'yar alamar da ke bisa wasalin ƙarshe na kalmar farko. Ta farko tana nufin 'ina biyan bashin', wato mai magana ne yake ɗaukar nauyin biya. Ta biyu tana nufin 'ya biya bashin', wato shaida ce a kan wani mutum dabam cewa ya riga ya biya. Italiyanci ba ya tilasta kawo wakilin suna kafin aikatau, saboda haka babu wata kalma a jimlar da za ta warware ruɗanin idan aka ɗora ƙarfin furuci a gaɓar da ba ta dace ba.

Irin wannan ba baƙon abu ba ne ga mai nazarin Hausa. Kalmar ya a cikin "Audu ya tafi" da "Audu ne ya tafi" da "bari ya tafi" rubutunta ɗaya, amma tsawon wasali da karin sauti sun raba ta gida uku. Bambancin shi ne Hausa tana ɗora lokaci a kan lamirin da ke gaban aikatau, Italiyanci kuwa yana ɗora shi a ƙeyar aikatau ɗin, ko a kan wani mataimakin aikatau.

Daidaitaccen Italiyanci ya ginu ne a kan karin harshen birnin Firenze na ƙarni na 14, wanda Dante da Petrarca da Boccaccio suka yi rubutu da shi. Pietro Bembo ya tabbatar da wannan zaɓi a littafinsa na 1525, kuma cibiyar Accademia della Crusca, wadda aka kafa a Firenze a 1583, ta ci gaba da kula da shi. Furucin da aka bi a nan shi ne daidaitacce, irin wanda ƙamusun rubutu da furuci na gidan rediyo da talabijin na Italiya, RAI, ya tsara tun bugunsa na farko a 1969. A duk misalan da aka rarraba, gaɓar da aka rubuta da manyan haruffa ita ce mai ɗauke da ƙarfin furuci.

2.0 Sigogin Shuɗaɗɗen Lokaci

Aikatan Italiyanci sun kasu rukuni uku bisa ƙarshen sigarsu ta ƙamus: masu -are kamar parlare 'yin magana', masu -ere kamar credere 'gaskatawa', da masu -ire kamar dormire 'yin barci'. Kowane aikatau yana da sigogi biyar na bayar da labarin abin da ya wuce:

(1) imperfetto: parlavo 'ina magana a lokacin, nakan yi magana a da'
(2) passato remoto: parlai 'na yi magana', ga aikin da ya wuce ya yanke
(3) passato prossimo: ho parlato 'na yi magana', ga aikin da ke da alaƙa da yanzu
(4) trapassato prossimo: avevo parlato 'na riga na yi magana kafin nan'
(5) trapassato remoto: ebbi parlato, wanda kusan sai a rubutun adabi ake haɗuwa da shi

Biyun farko kalma ɗaya ce mai ɗafa-ƙeya. Ukun ƙarshe haɗin kalmomi biyu ne: mataimakin aikatau, avere ko essere, da sigar da ake kira participio passato, wadda ta yi kama da sifofin Hausa irin su rubutacce da dafaffe. A maganar yau da kullum mutanen arewacin Italiya sun fi dogara da passato prossimo, yayin da passato remoto yake raye a bakin mutanen Tuskani da na kudu, musamman Sisili. A littattafan tarihi da ƙagaggun labarai kuwa passato remoto shi ne ginshiƙin bayar da labari a duk faɗin ƙasar, don haka ɗalibi ba shi da hanyar kauce masa.

3.0 Haruffan da ke Yaudarar Mai Karatun Boko

Kafin rarraba gaɓa, wajibi ne a san sautin da harafi yake wakilta, domin wasu haruffa ba su da aikin da suke yi a rubutun Hausa. Harafin c kafin a, o, u sautin k ne, saboda haka cantò 'ya yi waƙa' da k yake farawa. Kafin e ko i ne kawai yake daidai da c na Hausa, kamar a fece 'ya yi'. Haɗin ch kullum k ne, kamar a chiesi 'na tambaya'. Harafin g kafin e ko i daidai yake da j, kamar a giunse 'ya iso'. Haɗin sc kafin e ko i daidai yake da sh, kamar a uscì 'ya fita'. Haɗin gn ya yi kusa da ny, gli ya yi kusa da ly, qu kuma daidai yake da kw. Harafin z sautin ts ne ko dz, sai dai ba tunzuɗau ba ne kamar ts na tsuntsu.

Harafin h ba a furta shi ko kaɗan. Sigogin ho, hai, ha da hanno na mataimakin aikatau avere duk da wasali suke farawa a baki, har ma hanno 'suna da' furucinsa ɗaya da anno 'shekara'. Wanda ya karanta shi kamar hannu na Hausa ya ƙara sautin da babu shi.

Akwai kuma harafin i da ake sakawa bayan c, g, sc da gl domin nuna furucinsu kawai, ba domin a furta shi ba. Don haka mangiato 'wanda aka ci' gaɓa uku ce, man-GIA-to, kamar a ce manjato, kuma conosciuto 'sananne' gaɓa huɗu ce, co-no-SCIU-to.

Wasulan rubutu biyar ne, amma na furuci bakwai ne a gaɓa mai ƙarfi, domin e da o kowanne yana da buɗaɗɗe da matsattse. Wasalin ƙarshe na parlò da na ho buɗaɗɗu ne, haka ma è 'ne, ce'. Na ƙarshen poté 'ya iya' matsattse ne, shi ya sa alamarsa ta karkata ta ɗaya ɓangaren.

4.0 Ƙa'idojin Rarraba Gaɓa

Hausa tana da sigogin gaɓa uku: BW kamar a ci, BWW kamar a kai ko gaɓar farko ta rana, da BWB kamar a nan. Ba ta yarda gaɓa ta fara da baƙi biyu ba. Italiyanci ya fi ta sassauci a farkon gaɓa, inda yake yarda da wasali kaɗai, ko baƙi ɗaya, ko biyu, ko ma uku. Ƙa'idojin rarraba kalma a rubuce hukumar daidaita ma'auni ta Italiya, UNI, ce ta tsara su a 1969, kuma su ne ake koyarwa a makarantu.

4.1 Baƙi Ɗaya Tsakanin Wasula

Baƙi ɗaya da ya faɗo tsakanin wasula biyu yana bin wasalin da ke gabansa, kamar yadda yake a Hausa:

(6) a-MA-vo 'ina so a lokacin', be-VU-to 'wanda aka sha', VI-de-ro 'sun gani'

Haɗin haruffan da ke wakiltar sauti ɗaya ba a raba su: so-GNAI 'na yi mafarki', la-SCIÒ 'ya bari', sba-GLIA-to 'wanda aka kuskure'.

4.2 Ɗaurarren Baƙi

Baƙin da aka ninka ana raba shi biyu, rabi ya rufe gaɓar baya, rabi ya buɗe ta gaba, daidai da bab-ba da han-nu:

(7) EB-bi 'na samu', DIS-se 'ya ce', par-LAM-mo 'mun yi magana', FAT-to 'wanda aka yi'

Haɗin cq ɗaurin k ne a wata sigar rubutu, kuma shi ma ana raba shi: NAC-que 'an haife shi', PIAC-que 'ya burge'.

4.3 Cunkoson Baƙaƙe

Idan baƙin farko l ne ko r ko m ko n, yana rufe gaɓar baya: SCEL-si 'na zaɓa', COR-se 'ya yi gudu', VIN-to 'wanda aka cinye', com-PRÒ 'ya saya'. Idan kuwa baƙi na biyu ne l ko r, to duka biyun suna tafiya tare zuwa gaɓar gaba: a-PRÌ 'ya buɗe', co-PRI-va 'yana rufewa a lokacin', en-TRÒ 'ya shiga', sof-FRÌ 'ya sha wahala'. Ma'aunin shi ne duk cunkoson da zai iya buɗe kalma zai iya buɗe gaɓa.

4.4 Matsalar Harafin s

A nan ne rubutu da furuci suka rabu. Ƙa'idar rubutu ta ce s da ke gaban wani baƙi yana bin wannan baƙin: par-la-sti 'ka yi magana', vi-sto 'wanda aka gani', ri-spo-sto 'wanda aka amsa'. Amma masana tsarin sauti da dama suna ganin cewa a baki s ɗin yana rufe gaɓar baya ne, wato par-las-ti da vis-to. Hujjarsu tana cikin tsawon wasali. Wasalin i na viso 'fuska' dogo ne domin gaɓarsa a buɗe take, na visto kuwa gajere ne kamar na kowace rufaffiyar gaɓa. Wannan ya dace da yadda Bahaushe yake raba fus-ka da is-ka da kas-ko. Saboda haka ɗalibi zai riƙe ƙa'idoji biyu: idan zai yanke kalma a ƙarshen layi ya rubuta vi-sto, idan zai furta ya bi kunnensa na Hausa.

4.5 Wasula Biyu a Jere

Wasula biyu a jere wani lokaci tagwai ne a gaɓa ɗaya, wani lokaci kowanne gaɓarsa dabam. Idan ɗayansu i ne ko u marar ƙarfi, galibi gaɓa ɗaya ce: par-LAI, cre-DEI 'na gaskata', FUI 'na kasance', DIE-de 'ya bayar', CHIU-so 'rufaffe'. Gaɓar farko ta chiesi da ta chiuso ba su da wuya ga wanda ya saba da ky na kyau da kyauta. Idan wasulan biyu daga cikin a, e, o suke, ana raba su: cre-Ò 'ya ƙirƙira', cre-A-to. Haka ake raba ii na mutum na farko a rukuni na uku: dor-MI-i 'na yi barci', ca-PI-i 'na fahimta'.

Akwai wasu aikatau da i ɗinsu na saiwa ne mai cin gashin kansa. Shi ya sa studiò 'ya yi nazari' gaɓa biyu ce, stu-DIÒ, amma inviò 'ya aika' uku ce, in-vi-Ò. Hanyar ganewa ita ce a duba sigar lokaci mai ci: a invio 'ina aikawa' ƙarfi yana kan i ɗin, in-VI-o, a studio kuwa yana kan gaɓar farko, STU-dio.

5.0 Ƙarfin Furuci

Hausa harshe ne mai karin sauti, inda kowace gaɓa take da nata kari, na sama ko na ƙasa ko faɗau. Italiyanci ba shi da wannan. Abin da yake da shi shi ne gaɓa ɗaya a kowace kalma da ake fifitawa a kan sauran ta hanyar ƙarin tsawo da ƙarin ƙarfin murya. Nahawun harshen yana kiran kalma tronca idan ƙarfin yana gaɓar ƙarshe, piana idan yana ta biyun ƙarshe, sdrucciola idan yana ta ukun ƙarshe. Rubutu ba ya tilasta alama sai ga tronca da wasu 'yan kalmomi masu gaɓa ɗaya.

A lokaci mai ci, wurin ƙarfi ba ya cika bin ƙa'ida, sai an haddace, kamar a te-LE-fo-na-no 'suna buga waya'. A shuɗaɗɗen lokaci kuwa ɗafa-ƙeya ce take yanke hukunci, kuma wannan sauƙi ne babba ga ɗalibi.

5.1 Imperfetto

(8) par-LA-vo, par-LA-vi, par-LA-va, par-la-VA-mo, par-la-VA-te, par-LA-va-no

Ƙarfi yana kan wasalin rukuni a duk sigogin tilo, ya matsa gaba a mutum na farko da na biyu jam'i, sannan ya koma mazauninsa a mutum na uku jam'i. Kuskuren da ya fi saurin aukuwa shi ne a auna parlavano da parlavamo tun da harafi ɗaya ya raba su, a furta su da ƙarfi a wuri ɗaya. Tsarin bai sauya ba a cre-DE-va-no da dor-MI-va-no, har ma a essere: E-ro, e-ra-VA-mo, E-ra-no. Wasalin -o na mutum na farko bai daɗe da kafuwa a rubutu ba. Tsoffin marubuta sun fi rubuta io parlava, kuma bugun littafin I promessi sposi na Alessandro Manzoni na 1840 zuwa 1842 yana cikin abubuwan da suka ba parlavo gindin zama.

5.2 Passato Remoto Mai Bin Ƙa'ida

(9) par-LAI, par-LA-sti, par-LÒ, par-LAM-mo, par-LA-ste, par-LA-ro-no
(10) dor-MI-i, dor-MI-sti, dor-MÌ, dor-MIM-mo, dor-MI-ste, dor-MI-ro-no

A nan ƙarfi ba ya motsi daga gaɓar da ke bin saiwa. Rukuni na biyu yana da siga biyu a wurare uku: cre-DEI ko cre-DET-ti, cre-DÉ ko cre-DET-te, cre-DE-ro-no ko cre-DET-te-ro. Sigar mutum na uku tilo ita ce mafi haɗari, domin ƙarfi kaɗai ya raba ta da lokaci mai ci:

(11) PAR-lo 'ina magana' / par-LÒ 'ya yi magana'
(12) PAR-ti 'kana tafiya' / par-TÌ 'ya tafi'
(13) PER-do-no 'suna rasawa' / per-DO-no 'ina yafewa' / per-do-NÒ 'ya yafe'

5.3 Passato Remoto Marar Bin Ƙa'ida

Aikatau masu yawa, galibinsu 'yan rukuni na biyu, suna sauya saiwa a wurare uku: mutum na farko tilo, na uku tilo da na uku jam'i. A waɗannan wurare ƙarfi yana kan saiwa, a sauran ukun kuwa yana komawa kan ɗafa-ƙeya:

(14) SCRIS-si, scri-VE-sti, SCRIS-se, scri-VEM-mo, scri-VE-ste, SCRIS-se-ro 'rubutawa'
(15) VEN-ni, ve-NI-sti, VEN-ne, ve-NIM-mo, ve-NI-ste, VEN-ne-ro 'zuwa'
(16) FE-ci, fa-CE-sti, FE-ce, fa-CEM-mo, fa-CE-ste, FE-ce-ro 'yi'

Wanda ya san sigar mutum na farko ya san wurin ƙarfi a sauran biyun. Abin lura kuma shi ne irin waɗannan aikatau ba su da alama a ƙarshe, domin babu tronca a cikinsu. Kalmar fu 'ya kasance' ita ma ba a sa mata alama.

5.4 Participio Passato

Sigogin -ato, -uto da -ito kullum piana ne: par-LA-to, cre-DU-to, dor-MI-to. Sauyin jinsi ko adadi ba ya motsa ƙarfin: an-DA-to, an-DA-ta, an-DA-ti, an-DA-te. Duk da cewa wasalin ƙarshe ba shi da ƙarfi, dole ya fito sarai, domin shi ne yake raba è andato 'ya tafi' da è andata 'ta tafi'. Wasu daga cikin waɗannan sigogi rubutunsu ɗaya da wasu kalmomi dabam:

(17) su-BI-to 'abin da aka jure' / SU-bi-to 'nan take'
(18) ca-PI-to 'abin da aka fahimta' / CA-pi-to 'ina faɗowa wuri ba shiri'

6.0 Ɗauri da Tsawon Wasali

A Italiyanci tsawon wasali ba ya bambanta ma'ana da kansa. Yana bin siffar gaɓa ne. Wasali mai ƙarfi a buɗaɗɗiyar gaɓar da ba ta ƙarshe ba yana tsawaita, musamman a gaɓa ta biyun ƙarshe, a rufaffiya kuwa gajere ne. Hausa ma ba ta barin dogon wasali a rufaffiyar gaɓa, kamar yadda wasalin ƙarshe na gida yake gajarta a gidan. Saboda haka dangantakar fato 'ƙaddara' da fatto 'wanda aka yi' ita ce ta baba da babba, ko ta kala da kalla: dogon wasali da baƙi ɗaya a ɗaya ɓangaren, gajeren wasali da ɗauri a ɗayan. A shuɗaɗɗen lokaci ɗauri yana ɗauke da ma'ana mai yawa:

(19) CA-de 'yana faɗuwa' / CAD-de 'ya faɗi'
(20) BE-vi 'kana sha' / BEV-vi 'na sha'
(21) PIO-ve 'ana ruwa' / PIOV-ve 'an yi ruwa'
(22) FU-mo 'hayaƙi' / FUM-mo 'mun kasance'
(23) SPE-so 'abin da aka kashe na kuɗi' / SPES-so 'sau da yawa'

Yawancin wannan ɗauri naso ne ya haifar da shi yayin da harshen Latin yake rikiɗewa. Kalmomin factum, scriptum, dictum da ruptum sun zama fatto, scritto, detto da rotto, inda baƙin baya ya nashe cikin na gaba, kamar yadda barci yake zama bacci, arziki ya zama azziki a bakin wasu Hausawa. Haka scripsi da dixi suka zama scrissi da dissi. A wani rukunin kuwa wasalin u ne ya ɓace ya bar ɗauri a bayansa: habui ya zama ebbi, tenui ya zama tenni, volui ya zama volli.

Akwai ɗaurin da rubutu ba ya nunawa. Sautukan gn, gli, sc mai daidai da sh, da z kullum a ɗaure suke tsakanin wasula a daidaitaccen furuci, don haka uscito 'wanda ya fita' ana jin sa kamar ush-shi-to, ko da yake a rubuce u-sci-to ne. Sannan akwai ɗaurin tsakanin kalmomi, wanda ake kira raddoppiamento fonosintattico. Bayan kalma tronca, da bayan wasu kalmomi masu gaɓa ɗaya irin su ho, ha, è da fu, baƙin farko na kalmar da ke biye yana ɗauruwa: ho detto 'na ce' ana jin od-det-to, ha fatto 'ya yi' ana jin af-fat-to, andò via 'ya tafi abinsa' ana jin an-dov-vi-a. Wannan ɗabi'a ce ta Tuskani da tsakiyar ƙasar da kudu, kuma tana cikin daidaitaccen furuci, amma mutanen arewa galibi ba sa yin ta. Ita ce kuma take tabbatar da cewa wasalin ƙarshe na tronca gajere ne.

7.0 Wuraren Tuntuɓe ga Bahaushe

Daga abin da ya gabata ana iya hasashen wurare biyar da sabon Hausa zai yi tasiri.

Na farko shi ne saƙala wasali a tsakanin baƙaƙe, kamar yadda Hausa ta yi wa kalmomin aro irin su burodi da direba da firamare. Wannan zai mayar da PRE-so 'wanda aka ɗauka' gaɓa uku, SCRIT-to kuwa huɗu. Ga kalmomin da suka fara da s akwai dabara mai sauƙi, domin a magana s ɗin yana jingina da wasalin mataimakin aikatau: ho scritto ya zama os-crit-to, è stato ya zama es-ta-to, ha speso ya zama as-pe-so. Cunkoson pr, tr, cr da br kuwa sai da maimaici.

Na biyu shi ne hamza. Hausa tana sa ta kafin duk wasalin da ya buɗe gaɓa, kamar a sa'a da jami'a. Italiyanci ba shi da ita, don haka a creò da capii da ho avuto murya tana zarcewa daga wasali zuwa wasali ba tare da tsayawa ba.

Na uku shi ne tsawaita wasalin ƙarshe. Wanda ya fahimci ƙarfin furuci a matsayin dogon wasali zai ja ƙarshen parlò da dormì. Furucinsu na daidai ya fi kama da na ammoni irin su fat da tak, wato kaifi ba tare da ja ba.

Na huɗu shi ne sautukan p da v, waɗanda Hausa ba ta bambanta su da f da b. Italiyanci yana raba vinse 'ya yi nasara' da finse 'ya yi pretending' ta wannan hanya kaɗai, wato na biyun yana nufin ya nuna abin da ba shi ne a ransa ba. Haka ya raba volle 'ya so' da bolle 'yana tafasa' da folle 'mahaukaci', ya kuma raba ferito 'wanda ya ji rauni' da perito 'wanda ya halaka'.

Na biyar shi ne r. Italiyanci yana amfani da ra-gare ne, irin na bara ta almajiri, ba ra-kaɗe na bara mai hidima ba, kuma yana ɗaure shi a kalmomi kamar ar-ri-VÒ 'ya iso'.

8.0 Gwaji a Cikin Jimla

(24) Quando arrivammo, pioveva. Mia sorella aprì subito la porta e disse che aveva già mangiato.
'Da muka iso, ana ruwa. 'Yar'uwata ta buɗe ƙofa nan take, ta ce ta riga ta ci abinci.'

Aikatan da ke ciki su ne ar-ri-VAM-mo, pio-VE-va, a-PRÌ, DIS-se da a-VE-va man-GIA-to. Na farko yana da ɗauri biyu, kuma rasa na biyun zai kusantar da shi ga arriviamo 'muna isowa'. Na biyu yana da tagwan wasali a gaɓar farko, ƙarfinsa kuma ya bar saiwar da yake a piove. Na uku tronca ne, wanda ƙarfi kaɗai ya raba shi da A-pri 'kana buɗewa', kuma yana ɗaure s na subito. Haka ma già yake ɗaure m na mangiato. Matakan da ɗalibi zai bi ga kowace sabuwar siga huɗu ne: ya fassara haruffa zuwa sautuka, ya rarraba gaɓoɓi, ya gano ɗafa-ƙeya domin sanin wurin ƙarfi, sannan ya duba kalmar da ke biye.

9.0 Kammalawa

Maƙalar ta nuna cewa furucin shuɗaɗɗen lokaci a Italiyanci yana bin ƙa'idoji kaɗan masu tsari. Ɗafa-ƙeya ce take tantance wurin ƙarfi, siffar gaɓa ce take tantance tsawon wasali, ɗauri kuwa yana raba lokaci da lokaci kamar yadda yake raba kalma da kalma a Hausa. Mai jin Hausa ya shigo wannan fage da jari mai kyau, domin ya riga ya san bambancin mana da manna, ya kuma san cewa rufaffiyar gaɓa ba ta ɗaukar dogon wasali. Aikin da ya rage masa yana cikin cunkoson baƙaƙe, da barin hamza, da koyon ƙarfafa gaɓar ƙarshe ba tare da jan ta ba. Sigogin sharaɗi da na shakka, irin su avremmo da parlassimo, suna da nasu tsarin ɗauri da ƙarfi, kuma sun cancanci nazari na dabam.